Babi na Bakwai: Baƙon Malamin Faransanci da Zangonsa na Farko a Bauchi

Mataimakin malamin harshe, a yadda ƙasashen Turai suka tsara aikin, matashi ne da ya tashi da wani harshe a bakinsa, ko ya yi dukan karatunsa da shi, sannan aka kai shi wata ƙasa na ɗan lokaci domin ɗaliban da ke koyon harshen a littafi su ji yadda yake fita daga bakin mai shi. Tsarin ya kafu ne a shekarar 1905, lokacin da Faransa ta fara musayar irin waɗannan matasa da Ingila da kuma Furushiya, wadda a lokacin ita ce babbar jiha a daular Jamus, kuma har yau yana tafiya a ƙarƙashin hukumar France Éducation international da ke garin Sèvres kusa da Paris. Wanda aka ɗauka zuwa Faransa yana aikin awa 12 a mako, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, kuma ƙa'idar aikin ta bayyana cewa shi mai taimako ne: malamin aji ne ke riƙe da manhaja da bayar da maki, shi kuwa nasa shi ne ya zauna da ɗalibai rukuni-rukuni, ya sa su magana, ya gyara musu furuci, ya ba su labarin ƙasarsa. A 'yan shekarun nan har matasan Nijeriya sukan shiga wannan shiri, su je makarantun Faransa a matsayin masu taimaka wa malaman Ingilishi.

A tsarin aikin koyarwa na Nijeriya babu muƙami mai wannan suna, amma aikin da kansa yana nan, domin makarantu da dama, musamman masu zaman kansu, sun daɗe suna ɗaukar 'yan Nijar da Kamaru da Cadi da Togo da Jamhuriyar Benin su koyar da Faransanci, kuma birnin Bauchi bai fita daga wannan al'ada ba. Bambancin shi ne, wanda ya zo Bauchi ba ya tarar da yarjejeniyar gwamnatoci da ta fayyace masa iyakar aikinsa, sai dai abin da suka shirya da mai makaranta, wanda sau da yawa bai wuce maganar albashi da ranar fara aiki ba. Saboda haka makonnin farko ne ke yanke hukunci a kan abin da zai zama. Idan aka gane tun da wuri cewa abin da ya kawo, wanda babu shi a garin, shi ne harshe mai rai a bakinsa, ɗalibai za su amfana da shi. Idan kuwa aka miƙa masa alli da tsohon littafin darasi aka ce ya cika allo, to an yi asarar abin da ya sa aka nemo shi tun daga nesa.

Dalilin da ya sa Faransanci ya shiga makarantun Nijeriya a fili yake ga duk wanda ya dubi taswira, domin ƙasashe huɗun da ke da iyakar ƙasa da ita, wato Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, dukansu sun gaji Faransanci a aikin gwamnati da karatun boko. Tun a 1961 wani taron masana da aka yi a Yawunde ya ba da shawarar cewa kowace ƙasar Afirka ta koyar da harshen Turai na biyu, wato masu Ingilishi su koyi Faransanci, masu Faransanci su koyi Ingilishi, kuma a shekarun da suka biyo baya Faransanci ya maye gurbin Latin a yawancin makarantun sakandare. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ɗauki wannan magana a bugunta na 1998 da na 2004, daga baya kuma manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta sanya darasin tun daga aji huɗu na firamare. Sai dai Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 55 da ya yi magana a kan harsunan Majalisar Ƙasa, Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci kawai ya ambata, kuma abin da ya fi wannan nauyi shi ne ba a taɓa samar da malamai daidai da girman alkawarin ba. A da, ɗaliban Faransanci na jami'o'in Nijeriya sukan yi shekara guda a Faransa ko Togo ko wata ƙasar da ake magana da harshen, amma da darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai tafiyar ta gagara, gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas a 1991 domin ya tsaya a madadinta, kamar yadda aka kafa na Larabci a Ngala ta Jihar Barno. Wannan giɓi na malamai shi ne ƙofar da baƙon malami yake shigowa ta cikinta.

Bauchi tana da wani hali nata da ya kamata mai zuwa ya sani kafin ya shiga aji. Jihar, wadda aka ƙirƙira a 1976, ba ta da iyaka da kowace ƙasar waje, don haka yaron unguwar Jahun ko Nasarawa ko Fadamar Mada ba ya jin Faransanci a tasha ko a bakin 'yan canji kamar yadda yaron garin da ke kusa da iyaka, irin Jibiya ko Illela ko Mubi, yake ji, kuma idan ya shiga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya haɗu da ɗan Nijar, da Hausa za su yi ciniki. Cibiyoyin Alliance Française mafiya kusa suna Jos da Kano, manyan makarantun gaba da sakandare da ke cikin birnin kuwa, irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, an gina su ne a kan kimiyya da fasaha, abin da ke sa iyaye su fi mai da hankali ga lissafi da Ingilishi. Ga kuma Larabci, wanda yake da tushe mai zurfi a garin tun zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, kuma a makarantu da yawa shi da Faransanci ne ke takarar gurbi ɗaya a jadawalin darussa. Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa yaran Bauchi baƙi ne ga koyon harshe. A aji guda ana iya samun ɗan Gerawa da ɗan Jarawa da ɗan Sayawa da Bafulatani, kowannensu da harshen gidansu, ga Hausa ta unguwa, ga Ingilishin makaranta, ga Larabcin Islamiyya, ta yadda Faransanci zai zo wa wasunsu a matsayin harshe na huɗu ko na biyar. Yaron da ya riga ya ratsa harsuna uku kafin ya cika shekara 12 ba shi da taurin kai a wannan fanni, abin da ya rasa shi ne wurin da zai ji harshen ana magana da shi.

Kafin a kai ga aji akwai maganar hanya da takardu. Mai fitowa daga Maraɗi ta Nijar yakan biyo ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, daga nan ya kama hanyar Ningi, wanda ya taso daga Garwa ta Kamaru kuwa ta Yola da Gombe zai ɓullo. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba na kwana 90, amma zama domin aiki yana buƙatar katin izinin zama daga hukumar shige da fice, kuma Kamaru da Cadi ba su taɓa kasancewa a cikin ƙungiyar ba. Nijar ma ta fice tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe har zuwa wani lokaci. Bayan wannan akwai Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1993, ga kuma sharaɗin cewa takardar NCE, wato shaidar kammala kwalejin horar da malamai, ita ce mafi ƙarancin abin da ake koyarwa da shi, alhali baƙon yana riƙe da bakaloriya, shaidar gama sakandare a tsarin Faransa, ko digirin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, waɗanda sai an fassara su an tantance matsayinsu. Makarantar da ta ɗauki mutum ba tare da ta taimaka masa ya daidaita waɗannan takardu ba ta bar shi cikin zaman ɗar-ɗar, kuma tarihi ya nuna cewa tsoron yana da dalili, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, cikinsu har da malamai da yawa da suka shigo a shekarun arzikin man fetur.

Zama a gari ya fi sauƙi ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, wanda a takarda baƙo ne amma a zaure ɗan gida ne, ya san yadda zai durƙusa ya gai da mai unguwa, ya ce wa shugaban makaranta ranka ya daɗe, ya karɓi sunan Malam da yara da iyayensu za su riƙa kiransa da shi. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne makarantar da kanta. Ya fito daga tsarin da shekarar karatu ke farawa a Oktoba, ake ba da maki bisa 20, ake yin shekara huɗu a kwaleji kafin jarrabawar BEPC da shekara uku a lise, wato babbar sakandarensu, kafin bakaloriya, sai ya tarar da zango uku da ke farawa a Satumba, da maki bisa 100 wanda wani kaso nasa ke fitowa daga gwaje-gwajen cikin zango, da ƙaramar sakandare da babba masu shekara uku-uku. Za a buƙaci ya rubuta shirin kowane darasi da Ingilishi ya kai wa mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu, ya cike littafin da ke nuna abin da aka koyar kowane mako, ya kira rajista idan an ba shi aji, alhali Ingilishin nasa na makaranta ne, bai taɓa yin aikin ofis da shi ba. Mako ɗaya ko biyu na zama a bayan aji yana kallon yadda abokan aikinsa ke tafiyar da darasi zai rage masa rabin wannan wahala, amma makarantar da ta daɗe babu malamin Faransanci ba ta cika yin wannan haƙuri ba.

Lokacin da ake ba darasin shi ne babban abin da ke ɗaure masa hannu. A makarantu da yawa Faransanci ba ya wuce darasi ɗaya ko biyu a mako, kowanne na minti 35 ko 40, kuma lissafin yana da sauƙi: darasi biyu na minti 40 a mako 12 awa 16 ke nan a zango, kafin a cire ranakun gwaji da hutun da ke faɗowa a tsakani. Idan ajin yana da yara 60 aka raba musu minti 40 daidai, kowane yaro daƙiƙa 40 zai samu, ko da malamin bai ce uffan ba. A irin wannan matsi hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta jerin kalmomi da sarrafa aikatau a allo, yara su kwafa, aji ya yi tsit, mai duba aiki ya ga littattafai a cike ya yaba. Wannan hanya ce ke fitar da ɗalibin da ya yi shekara uku yana darasin, yana iya rubuta sunayen ranakun mako, amma idan aka tambaye shi sunansa da Faransanci sai ya sunkuyar da kai. Baƙon malami ya fi kowa ikon karya wannan al'ada, ta hanyar raba ajin gida-gida, wasu suna aikin rubutu wasu suna magana da shi, da sa yara su tambayi juna biyu-biyu, da buɗe kowane darasi da gaisuwa da 'yar hira wadda ba ta canzawa har sai ta zauna a bakin kowa. Ajin zai yi surutu, kuma wajibi ne shugaban makaranta ya san tun farko cewa surutun na cikin aikin.

A wajen furuci, matsalolin ɗalibin da Hausa ta yi wa rinjaye sanannu ne kuma ba su da yawa. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, don haka port da fort, wato tashar jirgin ruwa da mai ƙarfi, sukan fito iri ɗaya. Sautin v yakan koma b. Wasulan da ake fitarwa ta hanci, irin na bon da banc da bain, sukan tattaru wuri guda. Wasalin da ke cikin tu kuma yakan zama na tout. Haka nan Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa yaro yakan cusa wasali a tsakaninsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bayani a allo ke gyarawa, sai kunne ya ji bambancin sau da yawa kafin baki ya bi, kuma a nan ne minti biyar na maimaitawa tare da mai harshen ya fi shafi guda na rubutu amfani.

A wajen nahawu kuwa Hausa ce ke ba da taimakon da Ingilishi ba zai iya bayarwa ba, kuma abin takaici ne yadda littattafan da ake amfani da su, waɗanda ke bayani da Ingilishi, suke tsallake wannan dama. Jinsi, wato rabon sunaye zuwa namiji da mace, shi ne abin da ya fi wahalar da mai koyon Faransanci ta hanyar Ingilishi, alhali Bahaushe ya tashi yana cewa farin gida da farar mota da fararen kaya, kuma ya san cewa sifa tana bin sunan da ta siffanta, daidai da yadda blanc da blanche da blancs suke yi. Jinsin kowace kalma ba lallai ya zo ɗaya a harsunan biyu ba, rana mace ce a Hausa amma namiji ce a Faransanci, wata kuma akasin haka, sai dai ginshiƙin fahimtar yana nan. Haka ma bambancin tu da vous, wanda yake tafiya kusa da yadda ake ce wa tsara kai a ce wa babba ku. Akwai wani abin lura da ya shafi Bauchi musamman: masu nazarin kare-karen Hausa sun daɗe da nuna cewa Bausanci, kamar Zazzaganci, ya sassauta bambancin jinsi, har a ji an ce motan Audu a inda Bakano zai ce motar Audu. Malamin da ya zo da Hausar Katsina ko ta Gobir, inda jinsi yake da ƙarfi, yana buƙatar ya san wannan, ya jingina misalansa da daidaitacciyar Hausar da yaran ke koya a darasin Hausa, kada ya ɗauka cewa abin da yake a fili gare shi a fili yake ga kowa.

Wannan kusanci yana da nasa haɗari. Da zarar yara sun gane cewa Malam yana jin Hausa, sai su daina ƙoƙarin fahimtar Faransancinsa su jira fassara, shi ma da gajiya ta kama shi sai ya ga ya fi sauƙi ya yi bayanin komai da Hausa, har darasin ya koma hira a kan Faransanci maimakon hira da Faransanci. Ɗan Togo ko ɗan kudancin Kamaru da ba ya jin Hausa yana gefe na biyu na matsalar, dole ya ratsa ta Ingilishin da shi da yaran duka ba su ƙware a kansa ba, ko da yake rashin mafita yakan tilasta wa ajinsa sauraro fiye da na ɗan Nijar. Ɗan Kamarun da ya fito daga Garwa ko Marwa kuwa yakan sami Fulatancinsa ya buɗe masa wasu ƙofofi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware wa Hausa wurinta, wato bayanin ƙa'idar nahawu a taƙaice, sauran umarnin aji da tambaya da yabo da gyara duka su kasance da Faransanci tun daga ranar farko.

Inda makaranta take da malamin Faransanci ɗan ƙasa, dangantakarsa da baƙon tana buƙatar kulawa ta musamman, domin mutumin da ya yi shekaru yana koyar da harshen da bai sami damar zama cikin masu shi ba sai 'yan watannin Badagiri, zai iya jin cewa an kawo wanda zai tona masa asiri a gaban ɗalibansa. Gyara furucin abokin aiki a gaban yara abu ne da ba ya gyaruwa bayan an yi shi. Shi malamin gida ya san manhaja, ya san salon tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO, ya san iyayen yara da halin kowane aji, abubuwan da baƙon ba zai sani ba a zango guda, don haka rabon aiki irin na tsarin Turai, ɗaya da manhaja da maki ɗaya da magana, shi ne ke kare mutuncin kowa.

Tambayar da manyan ɗalibai da iyaye ke yi, wato mene ne amfanin Faransanci, ta ƙara nauyi tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da ficewar sojojin Faransa daga ƙasar, musamman da dokar sake gina ƙasa ta Nijar ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Tambaya ce ta gaskiya, kuma littafin da ke cike da hotunan Paris da dusar ƙanƙara ba ya amsa ta. Amsar tana kusa da gida: takardun kwastan da na kotu da na asibiti a Yamai da Yawunde da Kwatano har yanzu da Faransanci ake rubuta su, Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964 da rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram dukansu suna da hedikwata a Njamena, kuma ECOWAS da Tarayyar Afirka suna fifita ma'aikacin da ke da harsunan biyu. Ɗan Bauchin da zai zama likita ko soja ko ɗan kasuwa ko jami'in diflomasiyya zai fi yin amfani da harshen a Afirka fiye da Turai, kuma baƙon malami, wanda shi kansa ɗan Afirka ne mai salla ko zuwa coci tare da iyayen yaran, hujja ce a tsaye cewa koyon harshen ba ya raba mutum da asalinsa.

Zangon farko yakan ƙare a Disamba da jarrabawar rubutu zalla, wadda ba ta auna abin da baƙon ya fi ba da ƙarfi a kai, alhali ɗalibin da ya ci gaba da darasin har ƙarshen babbar sakandare zai tarar da gwajin baka a jarrabawar WAEC. Ware wani kaso na makin cikin zango domin 'yar hira ta minti biyu da kowane yaro ba ya buƙatar kuɗi ko izinin ma'aikatar ilimi, amincewar shugaban makaranta kawai yake buƙata. Dawowar malamin a Janairu kuwa ta dogara da lissafin da ba shi da alaƙa da aji. Kuɗin sefa, na yammacin Afirka da na tsakiyarta, a ɗaure yake da yuro a kan sefa 655.957, ita kuwa naira, tun da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, ta rasa fiye da rabin darajarta a cikin shekara guda, ta yadda albashin da a da yake isa a aika wa iyali a Maraɗi ko Garwa ya ragu ƙwarai idan aka canza shi. Makarantar da ta ba da ɗaki, ta rubuta yarjejeniya a takarda, ta kuma biya albashin watannin hutu tana iya riƙe malaminta. Wadda ba ta yi haka ba takan buɗe zango na biyu da gurbin Faransanci a jadawali babu mai shiga, har sai an ba wa wani mai yi wa ƙasa hidima ko an mayar da lokacin ga wani darasi.